Kwana Uku na Farko: Inda Shari'ar Cin Zarafin Yara Ke Tsayuwa ko Faɗuwa a Minna

A ƙaddara wata uwa ce daga Kpakungu ko Maitumbi ta iso caji ofis bayan sallar isha'i, riƙe da hannun 'yarta mai shekara takwas. Yarinyar ta faɗa mata abin da wani maƙwabci ya yi mata. Daga wannan dare zuwa ranar da za a kira ƙarar a kotu, mutane da yawa za su yi wa yarinyar tambaya iri ɗaya: kurtun da ke kan kanta, ɗansandan da aka ba binciken, ma'aikaciyar jinya, likita, jami'ar walwalar jama'a, mai gabatar da ƙara, daga bisani kuma lauyan wanda ake tuhuma. Kowannensu zai tambaya da irin lafazinsa, wani da rarrashi, wani da tsawa, wani kuma ya sa mata amsa a baki ba tare da ya sani ba. Idan a faɗi na biyar ta ce da rana ne alhali a faɗi na farko ta ce da yamma, wannan ɗan saɓanin ya ishi lauya ya girgiza shaidarta.

Mafi yawan irin waɗannan ƙararraki tun kafin su kai gaban alƙali ake gina su ko a rusa su, kuma a hannun ƙananan ma'aikata. Shi ya sa batun horar da masu aikin shari'a da masu kula da walwalar yara ya wuce maganar taron bita da rabon takardar shaida. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce wa aka horar, a kan me, da wane harshe, kuma yana nan a kujerarsa ko an yi masa canjin wurin aiki.

Doka ta riga ta yi tanadi

Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara a 1991, sannan a 2003 aka kafa Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya. Da yake al'amuran yara na cikin abubuwan da tsarin mulki ya bar wa jihohi, dokar ba ta aiki kai tsaye sai a Babban Birnin Tarayya. Kowace jiha sai ta yi tata. Jihar Neja ta yi tata a 2010, a zamanin Gwamna Mu'azu Babangida Aliyu, abin da ya sa ta shiga sahun farko a Arewa. Jihar Kano, alal misali, sai a 2023 aka sanya hannu a kan tata dokar kare yara.

Waɗanda suka tsara dokar tarayya sun san cewa rubutu kaɗai ba ya kare yaro. Sashe na 149 ya kafa Kotun Iyali, wadda ke zama a mataki biyu, na majistare da na babbar kotu, tare da masu taya alƙali zama waɗanda suka san halayyar yara. Sashe na 154 ya wajabta a riƙa ba ma'aikatan kotun ilimin aiki da horo a bakin aiki da kwasa-kwasan sabunta sani. Sashe na 207 ya tanadi sashen 'yansanda na musamman mai kula da al'amuran yara, wanda jami'ansa za su samu horo na musamman. Sashe na 157 ya hana bayyana sunan yaro ko duk abin da zai sa a gane shi. Horo, ke nan, umarnin doka ne, ba alfarmar da ake jira daga masu ba da tallafi ba.

A Minna akwai cibiyoyin da za a ɗora wannan aiki a kansu. Jihar tana da hukuma ta musamman mai kare haƙƙin yara, wadda ke karɓar ƙorafi tana bin ƙararraki, baya ga Ma'aikatar Harkokin Mata. Akwai kuma Cibiyar Rayuwa, wadda ke duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, ta ba su magani da shawara kyauta, ta kuma rubuta rahoton likita da za a iya gabatarwa a kotu. Tana cikin jerin irin waɗannan cibiyoyi da suka biyo bayan Cibiyar Mirabel da aka buɗe a Legas a 2013, kamar Waraka a Kano da Salama a Kaduna. Ga reshen ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ga ofishin Hukumar Ba da Agajin Lauya Kyauta, ga na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa.

Sai dai Neja ce jihar da ta fi kowace faɗin ƙasa a Nijeriya, da fiye da murabba'in kilomita 76,000 da ƙananan hukumomi 25. Abin da ake samu a Tunga ko Bosso cikin rabin awa, ga mutumin Rijau ko Agwara tafiyar awanni ce masu yawa, a kan hanyar da wani lokaci ba ta da tsaro.

Girman abin da ake fuskanta

Binciken ƙasa kan cin zarafin yara da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar a 2014, tare da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ya nuna cewa yara shida cikin goma na fuskantar wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Yarinya ɗaya cikin huɗu da yaro ɗaya cikin goma sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata. Waɗanda suka samu wani taimako a cikinsu ba su kai biyar cikin ɗari ba. Wannan sakamako ne ya sa Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shekarar yaƙi da cin zarafin yara a watan Satumba na 2015.

Alƙaluman sun nuna cewa yaron da ya iso gaban hukuma ɗaya ne daga cikin 'yan ƙalilan. Uwar da ta haɗiye kunya ta fito, maƙwabta na kallon yadda za ta ƙare. Idan aka yi wasa da ƙararta, an gaya wa unguwa baki ɗaya cewa shiru ya fi.

Awa 72

Darasi na farko da ya kamata kowane kurtu da kowace ma'aikaciyar jinya su haddace shi ne na lokaci. Maganin da ke kare mutum daga kamuwa da ƙanjamau bayan fyaɗe sai an fara shan sa cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin farawa gwargwadon amfaninsa. Maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa ga yarinyar da ta balaga ba ya wuce kwana biyar. Alamomin da likita zai iya tattarawa a jiki da tufafi su ma suna gushewa da wanka da wanki da wucewar kwanaki. Jami'in da ya ce wa uwa ta dawo ranar Litinin saboda mai binciken ba ya nan, ko ya tsaya neman kuɗin takarda kafin a kai yarinya asibiti, yana iya jawo asarar lafiya da asarar hujja a lokaci guda.

Akwai darasi na biyu wanda ya shafi likita da alƙali tare. Masana lafiyar yara sun daɗe da tabbatar da cewa yawancin yaran da aka yi wa lalata, idan an duba su bayan kwanaki sun shuɗe, ba a ganin rauni a jikinsu, domin jikin yaro na saurin warkewa, kuma ba kowane cin zarafi ne ke barin tabo ba. Likitan da bai san haka ba zai rubuta cewa babu alamar komai, mai gabatar da ƙara ya karaya, majistare ya ɗauka ƙarya aka shirya. Likitan da aka horar zai rubuta abin da ya gani dalla-dalla, ya kuma bayyana cewa rashin rauni ba ya kore faruwar abin. Bambancin jimla ɗaya ce a takarda, amma tana iya sauya hukunci.

Yadda ake yi wa yaro tambaya

Sashe na 209 na Dokar Shaida ta 2011 ya ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba a rantsar da shi. Yana ba da shaida ne idan kotu ta gamsu cewa yana da isasshen hankali kuma ya san wajibcin faɗin gaskiya. Sashen ya ƙara da cewa ba za a hukunta mutum a kan irin wannan shaida kaɗai ba, sai an samu wata hujja da ta ƙarfafa ta. Saboda haka bayanin yaro na farko yana da aiki biyu: shi ne shaida, shi ne kuma taswirar da za ta kai mai bincike ga sauran hujjoji, kamar ɗakin da abin ya faru, da wanda ya ga shigarsu, da kuɗi ko alawar da aka ba shi don ya yi shiru.

A Amurka, masu bincike a cibiyar gwamnati ta nazarin lafiyar yara, ƙarƙashin jagorancin Michael Lamb, sun tsara wata hanyar yi wa yara tambaya wadda ƙasashe da dama suka ara. Ginshiƙinta mai sauƙi ne. A fara da sabo, a gaya wa yaro cewa yana da damar cewa bai sani ba ko bai gane ba, a kuma ba shi izinin gyara wa babba idan ya yi kuskure. Daga nan a buɗe masa fili ya ba da labari da bakinsa, a riƙa cewa sai me ya faru, maimakon a ambaci sunan wani a tambaye shi ko shi ne. Bayanin da yaro ya kawo da kansa ya fi inganci, ya kuma fi jure tambayoyin lauya.

A ƙasar Hausa da maƙwabtanta wannan hanya na cin karo da tarbiyyar gida. An koya wa yaro kada ya musa wa babba, kada ya haɗa ido da shi, kada ya ambaci al'aura da sunanta. Idan ɗansanda mai kaki ya ce masa wane ne ko, zai ce e don ladabi. Idan aka matsa masa ya faɗi abin da aka yi masa, zai ce an yi masa iskanci ko an taɓa shi, kalmomin da ba su isa su tabbatar da laifi a kotu ba sai an bi su a hankali an gano abin da yake nufi. Rashin haɗa ido da alƙali, wanda wani zai ɗauka alamar ƙarya ce, a nan alamar kunya ce.

Ga kuma batun harshe. Yaran Neja na tashi da Nupanci, Gwaranci, Hausa, Kambarci, Fulatanci da wasu harsuna da dama, amma bayanin 'yansanda da rikodin manyan kotuna da Turanci ake rubuta su. Tsakanin bakin yaro da alƙalamin majistare akwai tafinta, wanda sau da yawa magatakarda ne ko wani da aka kira don ya iya yaren. Idan ya ji nauyin kalma ya sassauta ta, ko ya taƙaita dogon bayani zuwa jimla ɗaya, abin da ya faɗa shi ne zai zama shaida. Da wuya a ga sunan tafinta a jerin waɗanda aka gayyata bita, alhali ta bakinsa komai ke wucewa.

Sakaci, talauci da riƙo

Fyaɗe ne ya fi ɗaukar hankalin jaridu, amma sakaci da azabtarwa a cikin gida sun fi wuyar ganewa. Dokar Final Kod da Arewa ta gada ta hukunta zaluntar yara da yasar da su, amma sashe na 55 ya ba iyaye da malamai damar horon yaro muddin bai kai ga mummunan rauni ba. Inda horo ya ƙare azaba ta fara, wannan sai jami'in da ya san bambancin ciwon faɗuwa da na duka, ya san ƙunar da ruwan zafi ya fallatsa da wadda aka tsoma hannu da gangan, ya kuma lura idan labarin da babba ya bayar bai dace da raunin ba.

Haka nan jami'ar walwala na bukatar idon da zai raba talauci da sakaci. Uwar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan Shiroro, Munya ko Rafi, tana zaune a sansani a Kuta ko Gwada da yara ramammu, taimako take bukata, ba tuhuma ba. Amma gidan da sauran yara ke cikin ƙoshi, ɗaya kaɗai ke kwana da yunwa, wannan wani abu ne daban. Lamarin yaron nan na Birnin Kebbi da aka gano a watan Agusta na 2020 an ɗaure shi a turken dabbobi bayan rasuwar mahaifiyarsa, da ɗaruruwan mutane, ciki har da yara, da 'yansanda suka fitar daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, sun nuna yadda irin wannan ke daɗewa a tsakiyar jama'a ba a tanka ba.

Riƙo al'ada ce mai kyau wadda ta raini marayu da yawa, sai dai a ƙarƙashinta ne kuma ake kai 'yan mata ƙanana aikatau daga ƙauyuka zuwa Minna, Suleja da Abuja. Ingila ta ɗanɗana ɗacin wannan darasi. A watan Fabrairu na 2000 wata yarinya 'yar shekara takwas, wadda wata 'yar'uwar mahaifinta ta ɗauko daga Kodebuwa da alƙawarin karatu, ta rasu a Landan da raunuka 128 a jikinta. Asibitoci biyu sun gan ta, 'yansanda da ofisoshin walwala sun san da ita, amma kowa ya ɗauka wani ne ke bin lamarin. Rahoton Lord Laming na 2003 ya kawo shawarwari 108, ciki har da wajabta amfani da tafinta idan harshen yaro na farko ba Turanci ba ne, domin ita Faransanci take ji. Ƙasar ba ta rasa doka ko kuɗi ba. Ma'aikatan ne ba su yi magana da juna ba, ba su kuma saurari yarinyar yadda ya kamata ba.

Sulhu da kotuna iri-iri

Ko an tattara hujja yadda ya kamata, sauran matsin lamba. Wanda ake zargi galibi sananne ne ga yaron: ɗan'uwa, maƙwabci, malami ko mai gidan haya. Dattawa za su zo da maganar a rufa asiri, a bar wa Allah, a duba makomar auren yarinya. Wani lokaci a biya kuɗin magani a ce an daidaita. Sashe na 31 na dokar tarayya ya tanadi ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro, ya kuma ce yardar yaron ko zaton cewa ya girma ba hujja ba ne. Laifi irin wannan ba bashi ba ne da za a yafe a zaure. Mai gabatar da ƙara da aka horar ya san cewa kowace ɗage zama na ba masu matsin lamba ƙarin lokaci, don haka yakan nemi a ɗauki shaidar yaro da wuri. Ya kuma san cewa sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kotu damar fitar da 'yan kallo don kare wanda bai kai shekara 18 ba.

Neja na cikin jihohin da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a 2000, zamanin Gwamna Abdulƙadir Kure. Rigingimun saki, riƙon 'ya'ya da ciyarwa na Musulmi a gaban alƙalan kotunan shari'a suke, kuma a cikin irin waɗannan ƙararraki ne alamun sakaci ke fara bayyana. Fiƙihun Malikiyya kan reno ya ɗora sharuɗɗa a kan mai riƙon yaro, ciki har da amana da iya kula da shi, don haka alƙali ba baƙo ba ne ga maganar maslahar yaro. Shirin horon da ya tsallake alƙalan shari'a, masu unguwanni, limamai da fastoci ya tsallake ƙofar da mafi yawan iyalai ke fara ƙwanƙwasawa.

Abin da wasu suka gwada

A garin Huntsville na jihar Alabama ta Amurka, wani mai gabatar da ƙara, Bud Cramer, ya kafa cibiya a 1985 inda ɗansanda, likita, jami'in walwala da lauyan gwamnati ke haɗuwa wuri ɗaya, mutum ɗaya ƙwararre ya yi wa yaro tambaya sauran na saurare. Ƙasar Aisland ta ɗauki tsarin a 1998 da sunan Barnahus, wato gidan yara, daga nan ya bazu a Turai. Afirka ta Kudu na da cibiyoyin Thuthuzela a cikin asibitoci ƙarƙashin hukumar gabatar da ƙararraki, dokarta kuma ta yarda yaro ya ba da shaida daga wani ɗaki ta bakin mai shiga tsakani. A gida, sashe na 232 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ya ba da damar karɓar shaida ta bidiyo ko a bayan labule a wasu laifuka.

Wani binciken Lamb da abokan aikinsa ya gano abin da ya kamata masu tsara kasafi su riƙe: jami'an da aka horar sun ci gaba da yin tambaya yadda ya dace muddin ana duba aikinsu ana yi musu gyara, amma da aka daina, sai suka koma gidan jiya. Bitar kwana uku ba ta sauya ɗabi'ar shekara ashirin.

Abin da ke hannun Abuja

Tsakanin Minna da Abuja tafiyar kusan kilomita 150 ce, kuma da yawa daga cikin shawarwarin da ke shafar wancan kurtu a nan ake yanke su. Rundunar 'yansanda ta tarayya ce, manhajar kwalejojinta da tsarin canjin wurin aiki daga hedikwata suke fitowa. Cibiyar Horar da Alƙalai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1991, ita ke shirya kwasa-kwasan alƙalai, majistarori da ma'aikatan kotu na jihohi. Hukumar NAPTIP ce ke riƙe da rajistar masu laifin fyaɗe ta ƙasa da aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2019. A ƙarshen 2022 kuma aka sanya hannu kan dokar kafa majalisar da za ta tsara aikin walwalar jama'a a matsayin sana'a mai ƙa'ida. Ma'aikatar Harkokin Mata ta Tarayya da ta Shari'a su ke zama da masu ba da tallafi a tsara inda kuɗin horo zai tafi.

Jami'in da ke rubuta takardar neman amincewa, ko hadimin da ke haɗa sunayen mahalarta, yana da tambayoyin da zai iya yi kafin fayil ya wuce teburinsa. Mutum nawa ne a jerin ke ganin yara ido da ido a bakin aikinsu, nawa ne kuma daraktocin da alawus ya kawo? An haɗa ɗansanda, nas, jami'ar walwala, tafinta da majistaren gari ɗaya a aji ɗaya, don su san juna su karɓi lambobin juna? Za a yi gwaji da Hausa, Nupanci da Gwaranci, ko duk da Turanci za a karanta? An ware kuɗin komawa bayan wata shida a duba fayilolin da suka rubuta? An yi yarjejeniya da rundunar 'yansanda cewa wanda aka horar zai zauna a sashen na wani ƙayyadadden lokaci? Kuma kuɗin ɗakin taro a otal ɗin Abuja, ajin mutum nawa zai ɗauka a Bida, Kontagora ko New Bussa?

Rahoton ƙarshen shekara kan ƙirga yawan waɗanda suka halarci bita. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne sau nawa aka sa yaro ya maimaita labarinsa, yara nawa suka isa asibiti cikin awa 72, da ƙararraki nawa suka kai ga hukunci ba tare da an janye su ba. Waɗannan alƙaluma ana iya tattara su daga rajistar caji ofis, ta asibiti da ta kotu, idan akwai wanda ya nema daga sama. Uwar nan ta Kpakungu ba za ta taɓa ganin takardar da aka sa wa hannu a sakatariyar tarayya ba. Abin da za ta gani shi ne ko kurtun da ta tarar a kan kanta ya san ya zaunar da 'yarta a keɓe, ya rage tambaya, ya nemo abin hawa zuwa asibiti a daren.